Yadda Muka Nemi Izinin Wasan Kwaikwayo Daga Aboabo

Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo da ke Aboabo, a nan Kumasi, ta shekara takwas tana fitowa gaban jama'a ba tare da mun taɓa riƙe rubutaccen wasan wani a hannu ba. Abin da muka saba shi ne mu taru bayan la'asar a farfajiyar wata makarantar Islamiyya, mu tsara labari da baki, kowa ya riƙe jigon abin da zai faɗa, sauran kuma ya cika da kansa a kan dandamali. Da haka muke wasa a walimar saukar karatu da bukukuwan bayan Sallah, kuma ba wanda ya taɓa tambayarmu takarda, tunda labarin namu ne. Al'amarin ya canza ne a shekarar da muka yanke shawarar ɗaukar wasan da wani marubuci ya rubuta, mu kama zaure mai kujeru, mu sayar da tikiti. Ni ne sakataren ƙungiya, don haka duk zirga-zirgar a kaina ta faɗo, kuma na zauna rubuta wannan ne domin wata ƙungiyar Zango da za ta bi wannan hanya kada ta ɓata watannin da muka ɓata.

Wata malamar sakandare da ke cikinmu ce ta fara nuna mana cewa akwai kamfanoni a ƙasashen waje waɗanda aikinsu ke nan, su riƙe wa marubuta wasanninsu, su riƙa ba ƙungiyoyi lasisin yin su. Akwai Concord Theatricals, wanda tsohon gidan Samuel French ya koma ƙarƙashinsa, da Music Theatre International mai kula da wasanni masu waƙe-waƙe, da Nick Hern Books a Ingila, da wasu da dama. Kowannensu yana da kundin wasanni a intanet, ana kuma ƙara sababbi a kai a kai, kuma a gaban kowane wasa an rubuta yawan maza da matan da ake buƙata, da tsawon lokacinsa, da irin wurin da labarin ya faru. Mun shafe mako biyu muna karantawa a wayarta kafin muka tsaya a kan guda biyu. Ɗaya mai waƙe-waƙe ne wanda matasanmu suka ƙwallafa rai a kansa, ɗayan kuma sabon wasa ne na wata marubuciya, mai mutum shida, huɗu mata biyu maza, a kan 'yan'uwa uku da suka taru don raba gidan da mahaifinsu ya bari alhali mahaifiyarsu tana zaune a ciki. Duk wanda ya san yadda rabon gida ke raba zumunci a Zango zai gane dalilin da ya sa labarin ya kama mu. Yayan ma'ajiyarmu da ke Ingila ya saya mana kwafi ɗaya na wasan rabon gidan ya aiko, muka kai shi Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, aka yi mana fotokwafi takwas, ni da malamar muka mayar da shi Hausa cikin darare goma sha biyu, sannan muka shiga atisaye.

Muna cikin mako na shida sai wani dattijo a unguwarmu, wanda ya yi aikin wasan kwaikwayo a zamanin ƙuruciyarsa, ya zo kallon atisayenmu. Ya zauna a kan benci har muka gama, ya yaba wa yarinyar da ta fito a matsayin uwa, sannan ya ce in miƙo masa littafin na asali. Ya buɗe shafi na biyu, wanda ban taɓa tsayawa na karanta ba, ya ɗora yatsa a kan ƙananan rubutun da ke wurin, ya ce, "Ɗana, wa ya ba ku izini?" Na ce, "Baba, ai da kuɗinmu muka sayi littafin." Ya cire tabaransa ya ce, "Littafin kuka saya, wasan yana nan a hannun mai shi." Rubutun yana cewa ba a yarda kowa ya yi wasan a gaban jama'a ba, ko da kyauta ne, sai da rubutaccen izini, kuma a nemi izinin kafin a fara atisaye. A daren nan barci ya ƙaurace mini, domin mun riga mun karɓi gudummawa daga iyayen yara, mun kuma faɗa wa mutane wata da za a yi wasan.

Washegari na tafi Cibiyar Al'adu ta Kumasi, wadda ke kusa da kasuwar Kejetia, saboda a tunanina duk abin da ya shafi wasan kwaikwayo a wannan gari can ake warware shi. Na jira kamar sa'a ɗaya kafin jami'in da aka nuna mini ya fito daga taro. Ya saurare ni da kyau, ya ce su suna taimaka wa ƙungiyoyi da wurin wasa da shawara, amma ba su da ikon ba da izini a kan aikin wani marubuci, na gida ko na waje. Ya shawarce ni in je Ofishin Haƙƙin Mallaka a Accra in ji matsayin doka daga bakinsu. Bayan kwana huɗu na shiga motar dare daga Asafo, muka bi ta Nkawkaw da Nsawam, na sauka Circle gab da asuba, na wuce Nima gidan gwaggona na yi salla na sha koko da ƙosai, sannan na nufi ofishin da takarduna a cikin jaka: kundin tsarin ƙungiyarmu, da littafin, da fassararmu, da katin shaidata na ɗan ƙasa.

Zaman da na yi da jami'ar da ta karɓe ni bai wuce minti arba'in ba, amma shi ne ya buɗe mini ido a kan dukan lamarin. Ta ce ofishinsu, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, yana yi wa ayyuka rajista yana kuma sa ido a kan dokar haƙƙin mallaka ta 2005, wadda ake kira doka ta 690, amma ba ya sayar da izinin wasan kowa. Na tambaye ta ko dokar Ghana ta shafi wasan da aka rubuta a wata ƙasa, tunda marubuciyar ba ta taɓa yi masa rajista a nan ba. Ta ce kariyar ba ta dogara da rajista ba, tana farawa ne daga ranar da aka rubuta aikin, kuma tun 1991 Ghana ta shiga yarjejeniyar Berne, wadda ta wajabta mana kare aikin baƙo kamar yadda muke kare na ɗan gida. Kariyar tana ɗorewa tsawon rayuwar marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa. Ta ba ni misali da Efua Sutherland, marubuciyar wasanni 'yar Ghana wadda ta rasu a 1996, ta ce wasanninta suna ƙarƙashin kariya har zuwa 2066, ko da kuwa ana karanta su a kowace makaranta. Shakespeare kuwa, da ya rasu a 1616, kowa yana iya yin wasansa ba tare da tambaya ba, sai dai idan fassarar wani na wannan zamani aka ɗauka, to ita fassarar tana da mai ita. Daga nan ta ɗauki fassararmu ta Hausa ta jujjuya, ta ce, "Malam, wannan ma sai da izini." Ashe a doka, fassara da sauya fasalin labari haƙƙi ne na marubuci, daban da haƙƙin nuna wasan a gaban jama'a. Na shiga ofishin ina neman izini ɗaya, na fito da sanin cewa biyu nake buƙata, kuma ba ko ɗaya daga cikinsu da ake bayarwa a Accra.

Da na dawo Kumasi muka dakatar da atisaye, abin da bai yi wa matasan daɗi ba ko kaɗan, na zauna na cike fom ɗin kamfanin da ke riƙe da wasannin biyu. Ba zan ambaci sunansa ba, domin abin da zan faɗa ya haɗa da jinkiri, kuma ba na son a ɗauka ƙorafi nake yi. Fom ɗin yana tambayar sunan ƙungiya da adireshinta, da sunan zauren, da yawan kujeru, da kuɗin tikiti, da ranakun wasa ɗaya bayan ɗaya, da kuma ko mu masu yi don sha'awa ne ko ƙwararru masu biyan 'yan wasa albashi. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi, domin farashi da sharuɗɗa sun bambanta ƙwarai tsakanin biyun. Na rubuta kujeru 220, tikiti sidi 30, dare uku, ba mai karɓar albashi. Kwana tara shiru. A rana ta goma amsa ta zo cewa reshen da na rubuta wa ba shi ke kula da yankinmu ba, sun tura buƙatata ga wani reshe, wanda shi ma ya ɗauki mako guda kafin ya waiwaye ni.

Batun wasa mai waƙe-waƙe ya mutu a wasiƙa ɗaya. Bayan kuɗin lasisi, wanda ake lissafawa bisa yawan kujeru da kuɗin tikiti, akwai hayar littattafan kiɗa da na waƙa, da kuɗin ajiya da za a riƙe har sai an mayar da su lafiya, da kuɗin aikowa da mayarwa, kuma ba a yarda a canza kiɗan ko a cire waƙa ba. Jimlar ta fi abin da za mu samu ko da zaure ya cika maƙil dukan darare uku. Na karanta wa ƙungiya lissafin, ba wanda ya yi gardama. Shi kuwa wasan rabon gida, sun ce dala 85 kowane dare, da dala 60 na izinin buga kwafi ga 'yan wasa, wanda ya halatta fotokwafin da muka riga muka yi bisa rashin sani, bayan na bayyana musu gaskiyar abin da ya faru. Amma a ƙasan wasiƙar sun rubuta cewa wannan farashi na yin wasan ne da Turanci, kalma da kalma kamar yadda aka buga shi, kuma maganar Hausa ba a hannunsu take ba, sai sun tuntuɓi wakilin marubuciyar.

A nan ne muka fi daɗewa, kuma a nan ne na fi koyon abu. Wakilin ya nemi in aiko da fassarar gaba ɗaya, da bayanin waɗanda suka yi ta, da jerin duk wurin da muka kauce wa asali tare da dalili, an mayar da shi Turanci don marubuciyar ta gani da idonta. Da muka zauna yin jerin sai muka tarar wuraren sun kai goma sha bakwai, yawancinsu ma ba mu lura mun canza su ba. Mun mayar da sunayen mutane na Hausa, mun ɗauke labarin daga garinsu mun kawo shi Zango, mun mayar da kwalbar giyar da 'yan'uwan ke sha a fitowa ta biyu ta zama butar shayi, mun cire wurin da miji ya rungumi matarsa, sannan a ƙarshe mun ƙara wani malami da zai shigo ya sasanta su ya yi nasiha a kan rabon gado, kamar yadda muka saba rufe wasanninmu. Na rubuta wasiƙa mai shafi uku ina bayyana su wane ne masu kallonmu: iyaye mata da za su zo da 'ya'yansu, da malamai, da dattawan unguwa, waɗanda idan suka ga giya ko runguma a dandamali za su tashi tun kafin labarin ya kai inda marubuciyar take son ya kai. Na yi ƙoƙarin kada wasiƙar ta zama roƙo ko wa'azi, na tsaya a kan abin da zai taimaki wasan a gaban mutanenmu.

Mako shida muka yi muna jira. Kullum bayan sallar asuba sai na duba imel, kuma duk wanda na haɗu da shi a hanyar masallaci sai ya tambaye ni ina aka kwana. Biyu daga cikin 'yan wasanmu suka janye, ɗaya ta yi aure ta koma Tamale, ɗaya kuma ya gaji. Da amsa ta zo, marubuciyar da kanta ta rubuta sakin layi biyu a ciki. Ta amince da sunaye da sauya gari da butar shayi, ta ce ma shayin ya fi dacewa da doguwar hirar da ke wurin. Game da rungumar, ta nemi mu sami wata alama da za ta nuna cewa matar ta yafe wa mijinta, kada wurin ya zama fanko, muka daidaita a kan ta zuba masa ruwa a kofi ta miƙa masa da hannu biyu. Amma malamin ƙarshe ta ƙi shi ƙememe. Ta ce ta bar 'yan'uwan ba su sasanta ba da gangan, domin mai kallo ya tafi gida da tambayar a ransa, kuma idan wani ya shigo ya warware musu, to wani wasa ne daban ba nata ba. Da farko abin ya ɓata mini rai, har na ce a taro ba ta san mutanenmu ba. Dattijon nan ne ya ce mini, "Ɗana, idan ka ari rigar mutum ba ka yanke mata hannu." Muka cire malamin daga cikin wasan, muka nemi wani limami ya yi gajeren jawabi bayan an rufe labule an kunna fitilu, wanda wakilin ya ce ba ruwansu da shi tunda ba cikin wasan yake ba. A yau ina ganin ita ce da gaskiya, domin na ga yadda mutane suka tsaya a ƙofar zaure suna muhawara a kan wanda ya fi laifi cikin 'yan'uwan.

Yarjejeniyar fassarar ta zo da sharaɗin da ya kamata kowa ya karanta da natsuwa kafin ya sa hannu: an ba mu izinin amfani da fassarar a waɗannan darare uku kaɗai, ba mu da ikon buga ta ko ba wata ƙungiya, duk da cewa guminmu ne. Na kai takardar wurin wata lauya 'yar unguwarmu ta duba, ta ce haka irin waɗannan yarjejeniyoyi suke, muka sa hannu ni da shugaban ƙungiya.

Biyan kuɗin ma ya zo da nasa ciwon kai. Mu a nan komai da MoMo, wato tura kuɗi ta waya, muke yi, su kuwa kati suke karɓa ko turawa ta banki, kuma ƙungiyarmu ba ta da asusu da sunanta. Na je wani banki a Adum, aka ce buɗe asusun ƙungiya yana buƙatar takardar rajista da kundin tsari da shawarar taro a rubuce da katin shaidar masu sa hannu, mu kuwa ba mu yi rajista a hukumance ba. Wa'adin biya kwana goma sha huɗu ne, don haka muka tara kuɗin a hannun ma'ajiya, wani ɗan kasuwa cikin iyayen ƙungiya ya biya da katinsa, muka rubuta takarda tsakaninmu da shi don kada lissafi ya rikice. Tsakanin ranar da aka aiko da takardar biya da ranar da muka biya, dala ta ɗaga, ga kuma cajin banki, sai da muka sake zagayawa neman ciko. Dala 315 ɗin ta cinye wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da za mu samu idan zaure ya cika, kafin a yi maganar hayar zaure da lasifika da janareta.

Saura waƙoƙi. Mun shirya sa wasu sanannun waƙoƙi ta lasifika tsakanin fitowa da fitowa, sai lauyar ta tunatar da ni cewa lasisin wasa bai haɗa da waƙar kowa ba, kuma sa waƙa a taron da ake biyan kuɗin shiga yana buƙatar lasisi daga GHAMRO, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu a Ghana. Na ce to sai mu rera waƙoƙin biki na kakanninmu, waɗanda ba a san wanda ya ƙirƙire su ba. Ta ce a Ghana wannan ma yana da ƙa'ida, domin doka ta 690 ta damƙa al'adun gargajiya a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, kuma akwai hukumar al'adun gargajiya ta ƙasa da ake neman izininta idan za a yi amfani da su don samun kuɗi. Ƙarfina ya riga ya ƙare a lokacin, sai wani yaronmu mai baiwar waƙa ya tsara mana gajerun baitoci huɗu, ya rubuta mana izini a takarda ɗaya, muka sa sunansa a fosta.

Lasisin ya iso wata biyar da kwana kaɗan bayan ranar da dattijon ya ɗora yatsa a kan shafin nan. Ya ƙayyade yadda za a rubuta sunan marubuciyar a fosta, a ƙarƙashin sunan wasan, da girman da bai gaza rabin girmansa ba, tare da jimlar da ke nuna kamfanin da ya ba da izini. Ya kuma haramta ɗaukar bidiyo, wanda shi ne sharaɗin da ya fi wahalar kiyayewa a zauren da kowa ke riƙe da waya. Muka sa mai gabatarwa ya yi sanarwa da Hausa da Twi da Turanci kafin a buɗe labule, muka tsayar da samari huɗu a gefe suna roƙon mutane cikin ladabi, mu kanmu kuma ba mu sa ko minti ɗaya a Facebook ba, hotuna kawai. Da muka ɗage dare na uku da mako guda saboda rasuwa a unguwa, sai da na rubuta musu suka canza ranar a takarda, domin lasisin na ranakun da aka ambata ne kaɗai.

Idan wata ƙungiya ta tambaye ni ta ina za ta fara, zan ce ta karanta shafi na biyu na littafin kafin na farko, ta rubuta wa mai haƙƙin tun kafin ta raba wa kowa matsayi, kuma a wasiƙar farko ta faɗi cewa da Hausa za ta yi, ta jera canje-canjen da take so, domin da na yi haka da makonnin jiran sun tafi tare maimakon ɗaya bayan ɗaya. Tafiya Accra ba dole ba ce, abin da na jiyo a can shi ne na rubuta a nan. A ware aƙalla wata shida, a ƙara wani abu a kan kuɗin saboda hawan dala, a kuma yi wa ƙungiya rajista da asusun banki tun ba a shiga matsi ba. Sannan kada a ɗauka sabon wasa sai a ƙasar waje. Makarantar koyon wasan kwaikwayo da kiɗa da rawa ta Jami'ar Ghana da ke Legon tana yaye matasa masu rubuta wasanni, kuma da yawansu suna neman wanda zai hau da aikinsu dandamali. Wasanmu na gaba daga hannun ɗaya daga cikinsu muka karɓo shi. Ya zo Kumasi da kansa, muka zauna a farfajiyar makarantar nan da butar shayi a tsakaninmu, muka bi fassarar layi-layi, muka rubuta yarjejeniya mai shafi biyu a kan kashi goma cikin ɗari na kuɗin tikiti, kuma ya ce zai dawo ya ga atisayen mako na uku.